Kalmar da Kika Bayar a Wayar Madam Ngozi

Kafanchan,
ranar Alhamis da hantsi.

Rifkatu 'yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina addu'a motar da kika hau ta sauke ki Kaduna lafiya, Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa ɗakin da kika kama ya zama wurin salama. Babanki yana gaishe ki. Labarin gida kuwa babu, jiya-jiya kika bar mu, akuya ba ta haihu ba, rufi bai faɗo ba.

Na san kina fushi da ni. Kin ɗauki akwatinki ba ki bari na riƙe miki ko jaka ba, gwaten accan da na dafa dominki kika bar shi ya huce a kwano. A tashar mota kika ce "sai wata rana, Mama" kina kallon tayar mota. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Zan ba direba wasiƙar nan hannu da hannu don ta same ki kafin Litinin, gama akwai abin da ya kamata ki yi ranar Litinin da safe, kuma ina tsoron kunya za ta hana ki.

Bari in maimaita abin da ya faru ranar Talata, don mu tsaya a kan magana ɗaya. Madam Ngozi ta leƙo ta katanga ta ce ana kiranki a wayar shagonta daga ofishinku. Kika ruga ko ɗankwali babu. Mutumin ya ambaci sunan oganku da na wanda ya tafi hutu, ya ce shi sabon injiniya ne, kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikata ta ƙi buɗewa, oganku yana ta faɗa, ana son kalmar sirrinki yanzu-yanzu. Da ya ji kin yi jim, sai ya juya zuwa yarenmu. Ya tambayi ƙauyenku, ya ce af, ashe 'yar gida ce, ai ba zai bari a kore ki ba. Kika faɗa masa kalmar harafi-harafi, har da maimaitawa. Ina tsaye a bayan ƙofa ina ji. Mutumin nan Istifanus ne, ɗan ƙanen babana, mai koyarwa a Kachia, wanda rabonki da shi tun kina goye. Ni na shirya abin, ni na rubuta masa abin da zai faɗa.

Kin tambaye ni cikin kuka ina na samo sunan oganku da sunan wanda ya tafi hutu. Daga bakinki, 'yar nan! Kwana huɗu kina zuba mana labarin ofis a tsakar gida, maƙwabta suna ji, mai kawo mana itace tana ji. Ni da ban taɓa taɓa kwamfuta ba, abin da kika zubar kawai na tsince, ya ishe ni buɗe ki. To ina ga wanda sana'arsa ke nan?

Abu biyu kika faɗa a kwanakin nan suka hana ni sukuni. Na ɗaya, kin ce ai ku 'yan kwamfuta ba a yaudararku, 'yan ƙauye ake yi wa wayo. Na biyu, kin ce za ki roƙa a mai da ke ɓangaren da 'yan mata biyun nan na yarenmu suke, don Bayaraben da ke teburin kusa da ke ya cika tambaya, Hajiyar da ke duba aikinku kuma sai ta duba abu sau biyu kamar ba ta yarda da kowa ba. Da na ji haka sai na ji muryata ta shekara tara da suka wuce. Kin san na bar aikin tafireta a makarantar nan, an ce miki idona ne ya raunana. Idona garau yake, har yau ina zura zare a allura ba tabarau. Yau za ki ji gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu uku ne a ofishin shugaban makaranta. Ni ce mai buga tambayoyin jarrabawa, mabuɗin kabad ɗin da ake kulle su yana ɗaure a bakin zanena. Madam Ngozi, wadda kika sani yanzu da shagon waya, ita ke buga wasiƙu. Babanta ma'aikacin reluwe ne, a nan Kafanchan aka haife ta. Sai Malam Sule masinja, dattijo Musulmi daga cikin gari, mai kai ambulan na wasiƙu daga wannan ofis zuwa wancan a kan kekensa. Shekara biyu ke nan bayan tashin hankalin addini na shekarar tamanin da bakwai, kowa ya ja jikinsa ya koma cikin nasa. Muna gaisawa, muna aiki tare, amma in zan faɗi gaskiya a gaban Allah, a zuciyata na riga na raba ofishin nan biyu, namu da waɗanda ba namu ba.

Saura mako ɗaya a fara jarrabawar ƙarshen shekara, shugaba ya tafi jana'iza Kagarko, sai ga wani mutum da kwat mai ruwan toka da jakar hannu. Ya ce shi sufeto ne daga Kaduna, ya zo karɓar kwafin tambayoyi don a duba ko sun dace da manhaja. Ya miƙo takarda mai hatimi. Na ce shugaba ba ya nan, sai dai ya dawo gobe. Bai yi musu ba. Ya dubi sunana a kan tebur, sai kawai ya gaishe ni da yare, gaisuwar tsofaffi wadda yaran yanzu ba su iya ba.

Ya ce, "Ba ke ce 'yar mai bishara ba, wanda ya yi wa'azi a Godogodo? Wayyo! Babanki ne ya koya mini karatu a ƙarƙashin mangwaro. Ashe zan ga jininsa kafin in mutu."

Rifkatu, a lokacin ko shekara ba a yi da binne kakanki ba. Hawaye suka zubo mini a kan tafireta. Mutumin ya zauna, ya ba ni labarin keken babana da yadda yake tari kafin ya fara addu'a. Duk gaskiya ne, kuma duk abin da kowa a Godogodo zai iya faɗa maka in ka saya masa ƙwaryar burkutu. Wannan tunanin bai zo mini ba sai daga baya. A lokacin ji nake Allah ne ya aiko mini ɗan'uwa.

Kuskurena na farko ke nan, kuma ki lura da shi da kyau. Mutumin bai fasa kabad ba, bai taɓa mabuɗi ba. Ni ya nema, ya kuma san ta inda zai shigo. Kowane mutum yana da abin da in an taɓa shi hankalinsa yakan kwanta. Wani yabo ne, wani tsoron manya, wani tausayi, wani kwaɗayi. Mu mutanen nan namu, yare ne da sunan gida. Mun daɗe muna jin mu 'yan kaɗan ne a cikin manyan garuruwa, saboda haka duk wanda ya buɗe baki da harshenmu sai mu ajiye sandarmu mu rungume shi. Ba laifi ba ne son naka. Amma yare ana koyonsa, sunan kakanki kuma ba asiri ba ne. In baƙo ya zo da abin da ke sa zuciyarki ta yi taushi, sannan a ƙarshe ya roƙi abin da aka ba ki amana, to ki raba biyun. Ki amsa gaisuwarsa da daɗi, ki ba shi ruwa, amanar kuma ki bar ta inda take.

Bayan ya gama jiƙa ni, sai ya dubi agogo ya zabura. Ya ce jirgin ƙasa na Kaduna zai tashi nan da rabin awa, in bai kai takardun yau ba za a soke sunan makarantarmu, kuma za a tambayi wace ce ta hana. Ya ce shi ba ya so a ce 'yar malaminsa ce. Kin ji? Daidai abin da Istifanus ya yi miki, ai daga nan na kwafo. Na fara kwance mabuɗi daga bakin zane.

Ki riƙe wannan: aikin gaskiya yana iya jira. Duk wanda ya ce sai yanzu-yanzu, ba lokacin tambaya, ba lokacin kiran kowa, to tunaninki yake gudu, don ya san in kin samu minti biyar za ki farka. Sufeton gaske in an ce masa shugaba ba ya nan, zai yi tsaki ya nemi masauki. Injiniyan gaske in kin ce bari ki kira ofis da kanki, zai ce to. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai. Madam Ngozi ba ta jin yarenmu ko kalma ɗaya. Duk wannan zaƙin bakin bai shige ta ba, saboda haka ita kallo kawai take yi. Ta taso ta ja ni gefe, ta ce da irin Hausarta, "Maman Rifkatu, ni ban ji abin da ku ke faɗa ba, amma takarda nan ba lamba a sama. Shekara goma ina buga amsa na wasiƙa na Kaduna, kowane ɗaya yana da lamba. Ki jira oga."

Malam Sule kuma yana bakin ƙofa da kekensa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, a gafarce ni. Yanzu na dawo daga wajen tasha. Jirgin Kaduna ya wuce tun safe, yau babu wani."

Mutum biyu, kowa ya ga abin da ni ban gani ba. Ita ta san takarda, shi ya san gari. Kin san abin da uwarki ta ce? Na ce, "Ku ba ku san mutanenmu ba. Wannan ɗan gida ne." Mutumin kuma ya yi murmushi ya ce mini da yare, ai kin san su, ba sa son ganin namu ya ci gaba. Na ji daɗin maganar, Allah ya gafarta mini. Na buɗe kabad na ba shi kwafin kowace jarrabawa, har na raka shi bakin hanya ina cewa ya gaida gida.

Ranar Talata, lokacin da kike waya, Madam Ngozi ta taɓa kafaɗarki ta ce ki karɓi lambarsa ki kira da kanki. Wannan ba ya cikin shirina, ita ce ta kasa daurewa. Kika ture hannunta ba ki ko waiwaya ba. Daidai yadda ni ma na ture maganarta a wancan lokacin.

Shi ya sa nake roƙonki kada ki nemi a canja miki wurin zama. In ku uku 'yan yare ɗaya kuka haɗu a ɗaki ɗaya, coci ɗaya, tarbiyya ɗaya, to waƙar da za ta sa ɗaya barci ita za ta sa sauran. Mutum ɗaya mai gaisuwar tsofaffi zai kwashe ku duka. Bayaraben nan mai yawan tambaya, abin da zai ruɗe ki ba zai ruɗe shi ba. Hajiyar da ke duba abu sau biyu, wataƙila ta taɓa ƙonewa ne. Su ma suna da nasu raunin, kuma ranar da wani zai zo musu da nasu harshen ko nasu addinin, ke ce za ki zauna da ido buɗe ki ce takardar nan ba ta da lamba. Ba cewa nake ki yar da 'yan'uwanki ba, ku ci tuwo tare ranar Lahadi bayan sujada. Amma a wurin tsaron amana, ki so zama kusa da wanda ba ya ganin duniya yadda kike ganinta, kuma in ya yi magana ki saurara ko da ba ta yi miki daɗi ba.

Kwana uku bayan na ba mutumin nan takardun, tambayoyinmu suka bazu a gari. Har a bakin kasuwa aka ga ɗalibai da su. Aka soke jarrabawa, aka ɗaga ta zuwa bayan Kirsimeti, yaran da suka yi karatu tsakaninsu da Allah suka sha wahalar banza. Shugaba ya tara mu ya ce wa ya fitar? Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ni Saratu, 'yar mai bishara, mai jan waƙa a zumuntar mata, in ce wani ya yi mini wayo da labarin keke? Na yi shiru. Madam Ngozi ta dube ni, ni na dubi ƙasa. Malam Sule bai ce komai ba, don shi a tarbiyyarsa ba ya tona mace a gaban mutane.

To da yake shi ne mai yawo da ambulan, kuma da yake zukatan mutane a lokacin a shirye suke su zargi wanda ba nasu ba, sai zargi ya faɗa kansa. Ba wanda ya nemi hujja. Aka dakatar da shi, aka karɓe keken. Dattijo mai 'ya'ya bakwai ya fita daga makarantar nan a ƙafa, yara suna nuna shi. Kwana tara ina zuwa aiki, ina buga tafireta, ina zuwa coci ina jan waƙa. Ba na iya cin abinci. Ke kina aji biyu a sakandare, kina tambayata me ya sa na rame.

Rana ta tara Madam Ngozi ta same ni a bakin famfo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Saratu, ɓarawo ya cuce ki, wannan ba zunubi naki ba. Amma Malam Sule, ba ɓarawo ya cuce shi ba. Ke ne." Ta ɗauki bokitinta ta tafi.

Washegari na shiga wurin shugaba na faɗi komai. Ya ce da na faɗa a ranar, da an sake tambayoyi cikin kwana biyu, ba wanda zai ji, ba wanda zai sha wuya. Aka mai da Malam Sule, ni kuma na ajiye aiki, gama ban iya haɗa ido da shi kullum ba. Na je har gidansa a cikin gari, karo na farko da na taka unguwar tun bayan tashin hankali. Na durƙusa. Ya ce, "Tashi, Madam. Wanda ya yaudare ki gwani ne, ko ni zai iya kamawa ta wata hanyar. Kwana taran ne kawai suka yi mini nauyi." Ya yafe mini, ya sa matarsa ta kawo mini fura. Ya rasu shekara uku da suka wuce, kuma har yau in na tuna kwana taran nan sai na ji kunya ta rufe ni.

Wannan ne dalilin wasiƙar nan. Kalmar sirrinki ta fita daga bakinki. Istifanus ya ce ya yaga takardar da ya rubuta ta, na kuma yarda da shi, amma ni na ji, Madam Ngozi ta ji, akwai mutum biyu a kan benci suna jiran waya. Abin da kunne biyar suka ji ya tashi daga sirri. Na san abin da zuciyarki take gaya miki, don ta gaya mini irinsa: ai wasa ne na gida, ba wanda zai sani, wata uku kawai da fara aiki, kada su ce ba ki da hankali. Kada ki saurare ta. Ranar Litinin, kafin ki ajiye jaka, ki je wurin oganku ki ce kin bayar da kalmar a waya, a canja ta. Zai yi faɗa, wataƙila ya rubuta miki takardar gargaɗi. Ki sha. In kin yi shiru wani abu ya taɓa bayanan nan, ko ba ta hanyarki ba, za a nemi wanda za a ɗora wa, kuma na riga na san irin wanda ake ɗora wa. Mayaudara sun san kunya tana yi musu gadi bayan sun tafi, da ita suke cin rabin abincinsu.

In ya tambaya wa ya kira ki, ki ce uwarki ce ta shirya. Ki faɗi sunana sarai, kada ki rufa mini.

Ni ma ina da laifin da zan amsa a gabanki. Bai kamata in yi miki wannan a shagon mutane ba, ki fito ki same ni a tsaye, 'yan benci suna dariya. Babanki ya ce na cika zafin kai, da na zaunar da ke na ba ki labari kawai. Na ce masa wannan yarinyar da ta gado ni? Da ta ce "Mama ke nan" ta wuce. Duk da haka na kunyata ki, kuma na yi amfani da yardar da kika yi wa gida. Ki yafe mini. Gara ki yi fushi da ni shekara guda da ki ɗauki irin kayan da na ɗauka.

Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar rubutawa. Yanzu kin san yare ba zai ƙara kama ki ba, to wanda zai zo nan gaba ba da yare zai zo ba. Zai nemi abin da ya fi shi taushi, kuma na san mene ne, ko da kina fushi. Wata rana waya za ta yi ƙara a ofishinku, a ce Mama ta faɗi, tana asibiti, tana kiran sunanki, ki bar komai a hannun wane ki taho, ko ki faɗi kaza don a riƙe miki aiki. Rifkatu, ko cewa aka yi na mutu, ki ajiye wayar. Ki kulle abin da aka ba ki amana. Ki juya ki gaya wa na kusa da ke, Bayaraben ko Hajiyar, su ji da kunnen da ba ya rawa. Sannan ki kira shagon Madam Ngozi da hannunki ki tambaya. In ƙarya ce, kin tsira. In kuma gaskiya ce, minti goman nan ba za su rage mini komai ba, 'yata. Zan jira ki, babu inda za ni.

Ubangiji ya sa miki albarka ya kiyaye ki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki abokan aiki masu faɗa miki gaskiya, ya ba ki ƙarfin hali ranar Litinin. Ya kawo ki gida lafiya lokacin Kirsimeti, ko kin huce ko ba ki huce ba. Cikin sunan Yesu, amin.

Ni ce mamanki,
Saratu.